Lallen Gwaggo da Na'urar Kurfi

Muna sallame sallar asuba ranar Laraba muka ɗauki hanya daga Kano, ni da ƙanena a 'yar tsohuwar motarsa, gari bai gama wayewa ba. Masu aiko mini da saƙo suna tambayar inda na shige kwanakin nan, to Dutsin-Ma da Kurfi na je, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Sai yanzu da hankalina ya dawo jikina na iya zama in ba ku labari.

Gwaggo ce ta tayar da mu, yayar mahaifinmu. Ungozoma ce a wani ɗan asibiti da ke ƙauyensu, a gundumar Rawayau ta ƙaramar hukumar Kurfi. Tun ina yarinya take karɓar haihuwa a gidaje, daga baya aka ba ta horo, ƙaramar hukuma ta ɗauke ta aiki. Da wuya ka nuna saurayi ko budurwa a ƙauyen nan wanda ba a hannunta ya faɗo duniya ba. To ran Litinin da yamma sai ga kiranta, murya can ƙasa kamar ba ita ba. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗiyata, na'ura ta ƙi ni."

Da ƙyar na fahimci zancen. Ashe ƙaramar hukuma ce take tantance ma'aikatanta. Tun bara aka ɗauki hoton kowa da zanen yatsunsa aka zuba a kwamfuta. Bana kuma aka ce kowa ya zo ya ɗora yatsa a kan na'ura ta shaida shi ne, don a tsame sunayen da ake biya albashi alhali babu masu su, waɗanda ake kira ma'aikatan bogi. Masu tantancewar sun bi gunduma-gunduma har suka zo Rawayau, Gwaggo ta ɗora yatsa, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Ranar Alhamis za a rufe aikin a sakatariyar Kurfi. Duk wanda bai wuce ba za a liƙa sunansa a bango cikin waɗanda ba a tabbatar ba, a tsayar da albashinsa har sai an bi ba'asi. Albashin bai dame ta kamar bangon ba. Ta ce mini muddin aka liƙa sunanta a wurin nan, ita da asibiti har abada, ko da daga baya an zo mata da ban haƙuri. Na kuwa san Gwaggo, in ta furta magana ba ta janyewa. Na tambaye ta me ya sa na'urar ta ƙi, ta ce in na zo na gani.

Ƙanena mutum ne mai son tuƙi da surutu a lokaci guda, ni kuwa ran nan kunnena ba ya ɗaukar komai. Muka ratsa Dawanau, manyan motoci jere suna jiran lodi, muka wuce Bichi rana na ɗagowa. Damina ta yi kyau bana, ma sha Allah. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, duk inda ka duba kore shar. A Tsanyawa ya ce shi fa ba zai ƙara gaba ba sai ya karya. Muka tsaya wurin wata mai ƙosai, tana tsamo shi da zafinsa daga kasko, ga koko a gefe. Ƙosan ya ƙanƙance kamar na ko'ina, sai ka haɗa biyu-biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Da na yi ƙorafi, matar ta ce in je in tambayo kuɗin wake da man gyaɗa sannan in dawo mu yi magana. A gidan mai kuma ƙanena ne ya yi nasa ƙorafin. Ya tsaya yana kallon mita yana salati, kamar salatin zai rage mata gudu.

Daga Kankiya muka saki babban titin Katsina muka karya hagu zuwa Dutsin-Ma. Ba zan ɓoye muku ba, a nan gabana ya ɗan faɗi. Kowa ya san irin labaran da aka yi ta ji daga wannan yanki a shekarun nan, ni kuma rabona da hanyar an daɗe. Har surutun ƙanena ya ɗauke. Amma muna cikin tafiya sai ga manoma a gonakinsu, ga mata da ƙwaryar nono a ka sun nufi kasuwa, ga motocin haya cike da ɗalibai, katifunsu ɗaure a sama. Jami'an tsaro a shingaye suka leƙa, suka amsa gaisuwa, suka ɗaga mana hannu. A hankali na sassauta riƙon da na yi wa carbi. Da wani garken shanu ya tare mu yana tsallaka titi a tsanake, na ji daɗin ganinsu har ban damu da lokacin da suka ci mana ba.

Dutsin-Ma ta canja mini. Duwatsun dai suna nan inda na bar su, amma garin ya cika ya batse. Jami'a ta jawo mutane daga ko'ina, shagunan buga takardu da na cajin waya sun yi yawa, babura da adaidaita sahu suna kai da kawowa ba ji ba gani. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne fitilun kan titi masu sola, kowace da faifanta a ka, da kuma ƙananan dashen bishiyoyi a bakin hanya, dogon yaro da mangwaro, an kewaye kowanne da ƙaya ko bulo saboda awaki. Na sha ganin dashe irin wannan a wurare, a ɗauki hoto ranar dasawa, bayan wata guda sai busasshen tsinke. Waɗannan kuwa da ransu, gindinsu a share. Na ce a raina zan tambayi dalili, amma ba shi ne a gabana ba.

Gwaggo tana gidan babban ɗanta a nan Dutsin-Ma, inda aka yi bikin jikarta a makon da ya gabata. Muka tarar da ita zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta lulluɓe da mayafi har hannaye. Bayan an gaisa an sha ruwa na ce, "To Gwaggo, ga ni na zo. Nuna mini." Ta zaro hannun dama a hankali ta miƙo, nan take na gane komai. Ƙunshi ne irin na da, wanda ake ɗaure hannu a leda a kwana da shi, a kuma maimaita washegari har jan ya nuna ya koma baƙi-baƙi. Tafin da kan yatsun duk sun rine. Wannan kaɗai ya isa ya hana na'ura ganin zanen yatsa. Amma ba a nan aka tsaya ba. Tun da ta dawo daga ƙauye da ɓacin ranta, matan gidan da maƙwabta kowace ta kawo tata dabarar cire lalle. An matsa lemon tsami, an goga toka, an jiƙa a ruwan sabulun wanki, wata ma ta kawo kalanzir. Daga ƙarshe Gwaggo da kanta ta ɗauki dutsen goge kaushi ta yi ta dirzar yatsun. Lallen yana nan daram, fatar ce ta saɓule, kan yatsun ya yi sumul yana sheƙi kamar bayan cokali.

Ku da kuka san ni kun san ina da saurin baki. Na ce, "Haba Gwaggo! Kina ma'aikaciyar asibiti, ba a gaya muku kada a sa lalle ba?" Ɗanta ya ce an aiko wa ma'aikata saƙo ta waya, da Hausa ma, tun kafin biki. Gwaggo ta harare shi, ta dawo ta harare ni.

"Ni wayata ta kira ce," in ji ta. "Mi zan yi da rubutun cikinta? Kuma jikata ta fari ana aurenta, in zamna da hannu fari kamar mai takaba?"

Na buɗe baki zan ƙara, sai ta ci gaba, murya ta sauka. Ashe ranar tantancewar, da na'ura ta nuna ja a babban yatsa ta sake nunawa a manuniya, sai mai gadin asibitinsu, wanda taubashinta ne, ya ɗaga murya cikin layi ya ce, "Ashe shekara da shekaru da bogi muke zaune!" Aka kwashe da dariya. Wasa ne irin na taubasai, wanda a wata rana da ta rama da abin da ya fi shi zafi. Amma ran nan ta janye hannunta, ta gyara mayafi, ta bar wurin, masu aikin suna kiranta ba ta waiwaya ba. Tana ba ni labarin idanunta suka kawo ruwa. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a gidan mutuwa. Fushina ya tafi, tausayi ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Na sa aka kwashe lemon tsamin da tokar da dutsen nan, na ba ta man kaɗanya na ce ta riƙa shafawa, kada kowa ya ƙara kawo wata dabara.

Bayan la'asar ɗan Gwaggo ya ce mu fita mu sha iska, don ya ga zaman gidan ba ya yi mini. Muka bi hanyar Dabawa, inda yake da 'yar gona. A bakin wani ƙauye muka tsaya wurin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Babu ƙarar inji, babu hayaƙi, ruwa kawai ke hawa tanki. Famfunan mata suna gefe guda, kwamin shayar da dabbobi yana can nesa kaɗan, don kada saniya da mai tulu su haɗu a wuri ɗaya. Wani dattijo yana kan tsani yana goge faifan solar da tsumma. A nan na sami amsar tambayata ta bishiyoyi. Ɗan Gwaggo ya ce dattijon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a da irinsa sakatariya yake zuwa kullum, ba tebur ba kujera, ya zauna a gindin bishiya har azahar ya koma gida. Yanzu an rarraba da yawansu zuwa gundumominsu, wani aka ba shi rijiya, wani dashe, kowa da abin da za a tambaye shi a kai. Na ce to wannan tunani ne. Muka sayi fura da nono wurin wata Bafillatana, nono mai kauri da ba a tsinka shi da ruwa ba. Tana miƙo mini ƙwarya na ga nata hannun ma jawur da lalle. Na ce mata ta gode Allah ba a ƙaramar hukuma take aiki ba. Ba ta gane ba, amma ta taya ni dariya.

A hanyar dawowa muka biya kasuwa muka sayi soyayyen kifi, wanda Dutsin-Ma ba ta rasawa saboda dam ɗin da ke kusa, kuma ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba. Aka yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Kowa ya ci ya yaba, ban da Gwaggo da ta ɗan taɓa ta ture kwanon, yajin miya yana shiga mata yatsu.

Alhamis da sassafe na shirya, niyyata mu zarce Kurfi kai tsaye mu kama layi da wuri. Gwaggo ta ce sam, sai an biya ta ƙauye. Akwai wata da ta shiga watan haihuwa, cikin fari, sai ta duba ta. Na ce, "Gwaggo, yau ce fa ranar ƙarshe." Ta ce, "Ita ma ba ta san ranarta ba." Haka muka shiga mota.

An yi ruwa da asuba, saboda haka muna sakin kwalta muka ga motar ƙanena ba za ta kai labari ba. Muka bar shi a bakin hanya wurin wani mai gasa masara, ya kuwa yi murna da wannan rabo, mu kuma muka hau babura. Hanyar ƙasa ce, taɓo nan, rairayi can, gonaki sun matse ta dama da hagu har ganyen dawa yana shafar fuska. Muna wucewa ana jiyo karatun allo daga zaurukan makarantu. Ni ina ƙanƙame da ƙarfen baya ina addu'a, Gwaggo kuwa tana kan babur na gaba a zaune daram kamar a kan kujerar ɗakinta, tana amsa gaisuwar mutanen gona.

Asibitin ɗan ƙarami ne, amma a share tsaf. An ɗora masa faifan sola a rufi, akwai firjin ajiye allurar rigakafi, akwai fitila a ɗakin haihuwa. Gwaggo ta nuna mini ƙwan fitilar da alfahari kamar ita ta ƙera shi, ta ce a da da tocila a baki take aiki. Jami'ar da ke kula da wurin, wata matashiya mai fara'a, ta ja ni gefe ta ce don Allah mu yi duk yadda za mu yi. Ta ce matan ƙauyukan nan ba asibiti suke fara nema ba, wayar Gwaggo suke kira, ita ce take lallashinsu ta kawo su. In ta daina zuwa, da yawa za su koma haihuwa a ɗaka. Sai na ji nauyin tafiyar ya ƙaru a kaina.

Gwaggo ta shiga gidan mai cikin ta fito, ta ce da sauran lokaci. Muna shirin hawa babura sai ga mai gadin nan taubashinta, wani siririn tsoho, ya matso yana murza hula a hannu. Ya gaishe ta, ta dubi sama. Ya sake gaishe ta, ta tambaye ni ko na ji kukan wani tsuntsu. Bawan Allah ya je ya tayar da nasa tsohon babur ya biyo mu a baya, har bakin kwalta, har Kurfi.

Na shiga sakatariyar Kurfi da shirin faɗa. Tun a mota nake tsara maganganun da zan yayyafa wa duk wanda ya ce wa Gwaggo bogi. Sai ban sami abokin faɗan ba. An kafa rumfa, an jera benci, maza gefe mata gefe, ana ba kowa lamba yana shigowa. Wuta ta ɗauke a gari amma aiki bai tsaya ba, don kwamfutocin a kan sola suke. A bencin mata na lura da wani abu da ya sa na kusa tuntsirewa da dariya duk da halin da nake ciki. Ba mu kaɗai ba ne. Mata da dama suna zaune hannaye cikin hijabi, kowace tana satar kallon ta kusa da ita. Ashe lokacin bukukuwa ne ya haɗu da lokacin tantancewa. Wasu nasu lallen ya kwana biyu ya fara kodewa, suna shiga suna fitowa da murmushi. Wata kuwa ta fito tana share ido. Gwaggo ta bi ta da kallo, na ji jikinta ya yi sanyi a kusa da ni.

Azahar ta gota kafin a kira lambarmu. Jami'ar da ke kan na'urar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikar Gwaggo ba, ga alamar gajiya a fuskarta, amma ta tashi ta gyara mata kujera. Ta dubi hannun ta ce, "Kai Mama, wa ya yi maki wannan aiki?" Gwaggo ta ce, "Ni da mutanen arziki." Yarinyar ta goge yatsun da auduga, ta ɗora babban yatsa a kan ɗan gilashin na'urar. Ja. Ta ɗora manuniya. Ja. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa a hankali, tana juyawa gefe, tana sake gwadawa. Duk ja. Ni dai ina tsaye a bayan kujera, duk maganganun da na tsara sun gudu.

Gwaggo ta fara tattara mayafi za ta tashi. Yarinyar ta riƙe ta ta ce, "Tsaya Mama, ina za ki? Lokacin rajista yatsu goma aka ɗauka. Kawo ɗayan hannun."

"Na hagu?" in ji Gwaggo. "In miƙa ma hukuma hannun hagu?"

"Na'ura ba ta san wannan ba, Mama. Ni kuma na yafe."

Da ƙyar ta zaro shi. Shi ma ya sha lalle ya sha dutse. Babban yatsa ja, na kusa da shi ja, haka aka yi ta tafiya har aka zo kan ƙaramin, wanda ta naɗe cikin tafin hannu. Yarinyar ta buɗe shi a hankali, sai ta tsaya tana kallo. Ni ma na leƙa. Fari tas, babu ɗigon lalle, babu saɓulewa. Ni da na kwana ina nazarin hannayen nan ban lura da shi ba, don kullum a lanƙwashe yake. Ta ɗora shi a kan gilashin. Na'urar ta yi ɗan ƙara, fitila ta koma kore, hoton Gwaggo ya bayyana a kwamfuta, da ɗaurin ɗankwalinta da hararar da ta yi wa mai ɗaukar hoto.

Ban san lokacin da na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har na waje suka leƙo. Na zauna a bakin benci, hawaye suna zuba ina dariya. Rabon da in ji sanyi a raina irin na lokacin nan na manta.

Yarinyar ta tambayi abin da ke bakina. Ta ce, "Mama, shi wannan mi ya sa aka tsallake shi?"

Gwaggo ta dubi yatsan kamar ya tona mata asiri. Ta ce, "Wanga ba ni sa mashi lalle. Tun da munka samu waya nike barin shi waje. In an ƙumshe maki hannu duka cikin leda, mai naƙuda ta kira, da mi za ki ɗauka? Da haɓa? Da shi nike dannawa, in kwance ledar in wanke hannu in tahi. Ƙunshi nawa ya lalace mani haka. Na hagu ne, ƙarami ne, ba mai lura." Ta ƙara da cewa, "Ni na ɗauka babban yatsa kaɗai gwamnati ta sani, irin na ranar zaɓe."

Yarinyar ta riƙe yatsan nan ta ɗan jima kafin ta saki. Gwaggo kuwa har ta dawo Gwaggonta. Ta ce, "To ɗiyata, saura abu guda. Akwai wani tsoho nan waje mai kunnen ƙashi. Fito ki faɗi abin da na'urarki ta ce, da ƙarfi, yadda zai ji." Yarinyar ta biye mata, ta fito bakin ƙofa ta ce an tabbatar da Mama, ma'aikaciya ce ta gaskiya. Mai gadin ya washe baki ya ce shi dama ya sani, rakiya kawai ya yo. Gwaggo ta ce ya yi shiru, da ana tantance masu barci a bakin aiki da shi na'ura za ta fara ganewa. Rumfar ta ɗauki dariya, wannan karon da ita a ciki.

Muka yi sallah, muka ci dambu da soyayyar awara a bakin sakatariya, Gwaggo ta cinye nata ta sa hannu a nawa. Na ce ta biyo mu Dutsin-Ma ta huta, ta ce hutun me, gobe akwai awo. A bayan babur ɗin taubashin nata ta koma ƙauye, tana yi masa faɗan ya bi a hankali.

Mu kuma muka kwana a Dutsin-Ma, Juma'a da hantsi muka kamo hanyar gida, but ɗin mota cike da ɗanyar masara da kifi. Hanyar da na bi da faɗuwar gaba sai ga ni ina gyangyaɗi a cikinta. Mun shigo Kano ana shirin tafiya masallaci.

Na tafi ina jin haushin na'ura da waɗanda suka kawo ta, na dawo da wani tunanin. Tantancewar nan gyara ce, don duk sunan bogi da aka cire, wuri ne ya samu ga mai aikin gaske. Rijiyar nan da fitilar ɗakin haihuwa su ma na gan su da idona, suna aiki. Amma na ga cewa na'ura iyakarta ta nuna ja ko kore. Da wadda ke bayanta ba ta da haƙurin bin yatsu har na ƙarshe, da yanzu wani labarin nake ba ku. Shawarata ga masu irin wannan aiki, in za a sake, ban da saƙon waya a bi ta bakin masu unguwanni da masu ƙunshi, don akwai irin su Gwaggo da yawa. Ku kuma 'yan'uwana mata, in lalle ya riga ya kama, a bar shi ya kode da kansa, a ajiye dutse.

Ina ajiye jaka na kira ta in ce mun sauka lafiya. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ina jin ƙarar leda a kusa da wayar, na ce me take yi. Ta ce maƙwabciyarta ce ta sake ƙunsa mata hannu, a gyara abin da dutse ya ɓata, ai lalle magani ne. Na ɗauki numfashi zan fara faɗa, sai na fasa. Na ce, "To Gwaggo, da me kika ɗauki wayar?"

Ta ce, "Da wanda gwamnati ta sani."